"Daga Malle Muka Zo": Bakin Kaka Da Bakin Takarda

A wannan fitowa ta zagayowar ranar kafa ƙungiyarmu mun ga ya dace mu taɓo asali, tunda da yawa cikinmu 'yan Madabo ne da Mandawari da Zaitawa, kuma kusan duk mun tashi muna jin magana guda daga bakin kakanninmu mata: mu Wangarawa ne, kakanmu daga Malle ya zo tare da Shehu Abdurrahman Zaite. To, mu da ba ma yarda da zubin adashi sai an sa a littafi, ai ya kamata mu duba mu ga ko takarda ta gaskata kaka.

Da farko dai, Malle da tsofaffi ke faɗa tsohuwar daular Mali ce, ta Mansa Musa wanda ya yi shahararren aikin hajji a 1324. Wangarawa kuwa fatake ne da malamai na wannan daula, masu cinikin zinariya, duk inda suka sauka da littattafansu suke sauka.

Takarda ta farko ita ce Tarihin Kano, wanda aka rubuta da Larabci, Palmer ya fassara shi zuwa Ingilishi a 1908, daga baya ya fito da Hausa cikin Labarun Hausawa da Maƙwabtansu. Littafin ya ce Wangarawa sun iso zamanin Sarki Yaji, wanda ake lissafin mulkinsa daga 1349 zuwa 1385. Su wajen arba'in ne, Zaite ne shugabansu, kuma cikin sunayen da aka jera har da Mandawari, sunan da unguwa take ɗauke da shi har gobe. Kun ga nan kaka ta ci gari.

Sai dai akwai takarda ta biyu, Asalin Wangarawa, ita ma da Larabci, wadda aka rubuta wajen 1650, Muhammad Al-Hajj ya buga ta a 1968. Ita cewa ta yi Zaite ya bar Malle a shekara ta 835 bayan Hijira, wajen 1432 ke nan, da niyyar hajji, ya biyo ta Gobir da Katsina, ya iso Kano zamanin Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, har ya tarar da Shehu Maghili. Tsakanin Yaji da Rumfa kusan shekara ɗari ce. Mutum ɗaya ba zai iso gari sau biyu haka ba. Masana da dama suna ganin Wangarawa ayari-ayari suka riƙa zuwa, sai baki ya haɗe tafiye-tafiyen ya jingina su ga sunan babban malami guda.

Ashe ita ma takardar daga baki aka ɗauko ta. Wanda ya rubuta Asalin Wangarawa bai ga Zaite da idonsa ba, kusan shekara ɗari biyu ce tsakaninsa da barin Malle. Saboda haka kada mu raina abin da Hajiya Babba ta faɗa don kawai ba ta riƙe alƙalami ba, kada kuma mu haɗiye duk abin da muka gani a rubuce.

Inda ya kamata mu yi hattara shi ne jerin kakanni. A gidaje da yawa ana lissafa mutum bakwai ko takwas sai a ce an kai ga wanda ya zo daga Malle. Mu yi lissafi irin namu na 'yan kasuwa: in kowane uba ya ba ɗansa shekara 30, takwas sun kama 240. Daga zamanin Rumfa zuwa yau kuwa an haura 500. Wato sunaye sun zube a hanya. Asalin yana iya zama gaskiya, amma sarƙar ta tsinke a tsakiya, kuma faɗin haka ba ya rage wa kowa daraja.

Abin da ya fi taɓa mu shi ne wannan. Tarihin Kano yakan faɗi sunan mahaifiyar sarki, amma a jerin Wangarawan nan duk maza ne. Matan da suka haifi zuriyar, suka yi kaɗi da saƙa da sana'ar cikin gida, suka riƙe labarin suna ba jikoki da dare, babu sunansu. Mu ma in aka tambaye mu sunan kakar kakarmu, mu nawa ne za mu amsa?

Don haka ga roƙonmu. Kowace mamba ta sami tsohuwar gidansu tun tana da ƙarfi, ta ɗauki muryarta a waya. A tambaye ta sunan uwa da na kaka, unguwar da aka auro su, sana'arsu, da sarkin da yake kan gado lokacin haihuwa ko aure, domin da sunan sarki ake gano shekara. A duba bangon tsofaffin Alƙur'anai da takardun gado da na gida. A rubuta wa ya faɗa, yaushe ya faɗa, daga wa ya ji. Inda baki biyu suka saɓa, a rubuta duka biyun, kada a gyara.

Allah ya ji ƙan magabatanmu maza da mata, ya ƙara wa ƙungiyarmu albarka. Amin.