Gizo a Jama'ar Daroro: Yadda Aka Rubuta Dabbobinmu, da Yadda Aka Rubuta Mu

 Rubutun yau yana da tsawo, mai sauri ya ajiye shi sai dare, don dama abin da zan yi magana a kai ba da rana aka saba yinsa ba.

Makon jiya ɗan ƙanwata ya same ni a ƙofar gida, nan Fadan Kagoma, ya miƙo mini waya ya ce, "Kawu, dubi wannan." Mutane ne birjik a kan titi, kowa ya shiga rigar dabba tun daga kai har ƙafa. Ga kyarkeci, ga dila, ga damisa mai shuɗin gashi, suna tafe da ƙafa biyu suna ɗaga wa 'yan kallo hannu. Taro ne da ake kira Anthrocon. An fara shi a garin Albany na Amurka a 1997, tun daga 2006 kuma ya zauna a birnin Pittsburgh, inda yanzu mutum fiye da dubu goma ke hallara kowace shekara. Abin da ya tara su shi ne ƙaunar dabbar da aka ba hali da harshe irin na ɗan'adam. Akwai masu zane a cikinsu, da marubuta, da maɗinkan waɗannan riguna. Shi ma yaron zane yake yi. Tun da ya kalli Zootopia, fim ɗin nan na 2016 da zomanya ta zama 'yar sanda, bayan littafin lissafinsa ya cika da zomaye masu hular ɗamara. Sai ya ce mini, "Kawu, mu me ya sa ba mu da irin wannan?"

Tambayar ta tsaya mini a maƙogwaro. Ba laifinsa ba ne. Ni na ji abin da bai ji ba, kuma ban isar masa ba.

Lokacin da muke yara, idan an tono citta, wajen ƙarshen shekara hunturu ya kankama, aikin dare shi ne tsaga ta a shanya. Kakata takan zauna a kan turmin da aka kifa, tulin citta a gabanta, 'yar wuƙarta da kaifi ya cinye ta har ta zama kamar tsinke tana hannunta. Yajin citta yana shiga mana tsagar hannu da sanyi ya farfasa, muna hura yatsu, sai ta ce, "Ga ta nan, ga ta nanku." Mu kuwa har da ihu, "Ta zo mu ji ta!" Daga nan babu mai sake tuna zafi. In Gizo zai yi magana sai ta murguɗa baki ta yi tsamin bakin nan nasa, "Sarki" ya koma "Sayki", mu yi ta birgima. In kura ce sai ta kumbura murya, ta riƙa haɗiyar miyau. Harshe biyu take tafiyar da labarin. Dabbobin nata in suna cikin gida da iyalinsu harshenmu na Gyong suke yi, in sun fita kasuwa ko gaban sarki sai su juya zuwa Hausa, daidai yadda ita kanta take yi. Hannunta bai taɓa tsayawa ba, cittar tana faɗawa kwando biyu-biyu har a kai ƙurunƙus.

Waɗannan dabbobi kowa ya san matsayinsu ba sai an gabatar da su ba. Zaki ne sarki. Dila malamin daji ne, shi ake kai wa shari'a. Kura ga ƙarfi ga kwaɗayi ga wauta, kullum ita ke kwana ciki. Gizo kuwa rago ne, maƙaryaci, mai wayon tsiya, matarsa Ƙoƙi tana fama da shi, har Bahaushe ya ce tatsuniyar Gizo ba ta wuce Ƙoƙi. Mun koyi gane mai haɗama da mai daɗin baki a jikinsu tun kafin mu gamu da irinsu a tasha.

Abin da mutane da yawa a nan yankin ba su sani ba shi ne, ɗaya daga cikin manyan taskokin tatsuniyar Hausa da duniya ke karantawa, a maƙwabtanmu aka tattara ta.

Kafin jirgin ƙasa ya mai da Kafanchan mahaɗa a wajajen 1927, kafin fadar Sarkin Jama'a ta tashi ta dawo can a 1933, asalin mazaunin masarautar shi ne tsohon garin Jama'ar Daroro. Daga can ake mulkin wannan yanki, har da ƙasarmu ta Gwong, wadda Hausawa suka kira Kagoma. A shekarun 1908 da 1909 akwai wani jami'in Turawa a garin, sunansa A. J. N. Tremearne, haifaffen Melbourne a Ostareliya, tsohon sojan yaƙin Afirka ta Kudu. Aikinsa na ainihi mulki ne: haraji, shari'a, da fita da sojoji zuwa garuruwan kan duwatsu da suka ƙi miƙa wuya. Amma yana da wata sha'awa ta daban. Yakan zaunar da mutanen da ke kewaye da shi, sojoji da barorin gidansa da masu sana'a na gari, su yi masa tatsuniya yana rubutawa. Ba malaman fada ba ne, talakawa ne, irin waɗanda suka ji abin daga bakin iyayensu mata. Ya fara fitar da hamsin a mujallar Folklore ta Landan a 1910 da 1911. A 1913 kuma ya buga littafin Hausa Superstitions and Customs, mai ɗauke da tatsuniyoyi ɗari cikin Ingilishi. Gizo, kura, dila, akuya, zakara, duk suna ciki.

A cikinsu akwai wadda kakata ta sha yi mana, ta Gizo da 'yar danƙo. Yadda na ji ta a gida: Gizo ya ƙi noma, kaka ta yi, sai ya koma satar gyaɗa a gonar wani. Mai gona ya rasa yadda zai yi, sai ya ƙera budurwa da danƙo ya kafa ta a tsakiyar gona. Gizo ya zo da dare ya gan ta, ya yi mata magana ta yi shiru. Ya kai hannu, hannu ya manne. Ya kai ɗayan, shi ma ya manne. Ya sa ƙafa, ya sa ɗayar, har gari ya waye yana rataye a jikinta. To, wannan labari shi ne dai wanda wani ɗan jarida a jihar Jojiya ta Amurka, Joel Chandler Harris, ya buga a 1880 daga bakin baƙaƙen fata, jikokin waɗanda aka kwasa daga Afirka. A can zomo ne ya manne, 'yar tsanar kuma ta kwalta ce. A ƙasar Akan ta Gana gizon nasu Ananse ne, ya bi jirgin bayi har Jamaika, yana nan da sunansa. Shi wannan zomo na Harris kamfanin Disney ya sa shi a fim a 1946, kamfanin da ya yi Zootopia shekara saba'in bayan haka. Da na warware wa ɗan ƙanwata wannan zare sai ya yi shiru yana kallon zanensa.

Tremearne ba shi kaɗai ba ne, kuma ba shi ne na farko ba. Tun a 1885 wani ɗan mishan Bajamushe, J. F. Schön, ya fitar da Magana Hausa, mafi yawansa daga bakin Dorugu, yaron nan Bahaushe da ya bi matafiyi Heinrich Barth zuwa Turai. Frank Edgar ya buga Litafi na Tatsuniyoyi na Hausa juzu'i uku a Belfast tsakanin 1911 da 1913, daga abin da malamai suka rubuta da ajami. R. S. Rattray ma ya fitar da nasa a 1913, wanda Malam Shaihu ya rubuta masa a ƙasar da ake kira Gana a yau. Abin da ya bambanta na Tremearne a wurina shi ne ƙasar da aka zauna aka yi shi. Iskar da ta busa wa masu ba shi labari ita ce ke busa mana.

Kuma a nan ne abin ke yi mini ciwo.

Shekara guda kafin littafin tatsuniyoyin, a 1912, mutumin nan ya buga wani littafi a kan mutanen duwatsun wannan yanki, musamman Kagoro da maƙwabtansu. Ya sa masa suna The Tailed Head-Hunters of Nigeria, wato masu wutsiya, mafarautan kawunan mutane. Wutsiyar da yake nufi ado ce. Wani abu ne da ake saƙawa da zaren kaba, matan aure su ɗaura a ƙugu ta baya, alamar cewa mace ta shiga ɗakin miji, abin girmamawa a wurin masu shi. Shi kansa ya san haka, ya bayyana a cikin littafin, amma ya zaɓi ya ɗora kalmar a bango don mai saye a Landan ya tsaya. Yaƙi an yi shi a duwatsun nan, ba zan ɓoye ba, an kuma sare kawuna, a zamanin da harin kamen bayi ya hana kowa barci da ido biyu. Amma mutanen nan suna da noma, da aure, da shari'a, da waƙa, suna kuma da tsofaffin da ke tara jikoki da dare. Alƙalami guda ne ya rubuta kura tana gardama a gaban alƙali kamar mutum, ya juya ya rubuta kakanninmu mata da suna irin na dabba. Dabbar daji ta samu harshe a littafinsa, mu kuwa aka ba mu wutsiya. Duk sanda na tuna wannan sai na ga fuskar kakata a hasken aci-bal-bal, tana sauya murya daga Gizo zuwa zaki, in ji zuciyata ta yi nauyi.

Duk da haka ba zan ce a jefar da aikinsa ba. Ba don ya zauna ya rubuta ba, da muryoyin waɗancan sojoji da barori sun bi iska. Ya rasu a fagen daga a Loos ta Faransa cikin Satumba 1915, a Yaƙin Duniya na Ɗaya, shekara biyu kacal bayan fitowar littafin tatsuniyoyin. Ina karɓar abin da ya adana, ina kuma faɗin abin da ya ɓata, duka biyun da gaske nake.

Bayan zamaninsu sai 'yan ƙasa suka karɓi alƙalamin. Abubakar Imam ya zauna a Zariya ya rubuta Magana Jari Ce, juzu'in farko ya fito a 1937, kuma wanda ya riƙe akalar littafin tsuntsu ne, aku mai hikima da ya kai har matsayin waziri. Imam ya ɗebo daga rijiyoyi da yawa, na Larabawa da Indiyawa da Turawa, ya zuba su a ƙwaryar Hausa. Hanyar tsohuwa ce, don tun ƙarni na 8 Ibn al-Muƙaffa ya mai da Kalila wa Dimna zuwa Larabci, littafin da diloli biyu ke shawara a fadar zaki. A farkon shekarun 1970 Ibrahim Yaro Yahaya ya fitar da Tatsuniyoyi da Wasanni don 'yan makaranta. Daga tsakiyar shekarun 1980 kuma NTA ta kawo shirin Tales by Moonlight, inda manya ke sa kayan dabbobi su yi wasan labarin, mu kuma mu cika gidan duk wanda ke da talabijin a unguwa ran Lahadi da yamma. Maganar shiga rigar dabba ma ba baƙuwa ba ce a wannan nahiya. A Wagadugu ta Burkina Faso, cikin watan azumi, yara kan sa fuskokin dabbobi su bi gida-gida suna rawa, wasan da suke kira Dodo, wanda tarihinsu ke dangantawa da fataken Hausawa.

Ni abin da ya fi burge ni a tarihin nan shi ne yadda Gizo ya shigo gidajenmu. Ba da doki ya zo ba, ba da bindiga ba. Ya biyo mai tallar gishiri da kanwa, ya biyo amaryar da aka kawo daga wani gari, ya biyo leburan reluwe da suka kwana ɗaki ɗaya a Kafanchan. A yankin da muka sha binne 'yan'uwa saboda bambancin harshe da addini, na zauna da Bajju, da Ham, da Bafulatani, da Bahaushen Jama'a, na fara labarin 'yar danƙo, kowannensu ya ƙarasa mini da irin yadda aka yi masa a gida. Yau ma sunan da muka raɗa wa intanet yanar gizo ne, kuma a cikin wannan yana kuke karanta ni.

Sai dai tatsuniyoyin da kakata ta yi da Gyong zalla, waɗanda ba su da 'yan'uwa a littafin Tremearne ko na Edgar, babu wanda ya rubuta su daga bakinta. Ta tafi da su. Na tuna guntaye, wata farkonta, wata amshin waƙarta kawai, sauran sun zube mini. Na yi shekaru ina da takarda da biro a hannu tana raye, ban taɓa zama na ce, "Kaka, maimaita mini a hankali" ba. Wannan nadamar tawa ce, kuma tana tashina da dare.

Akwai ƙanwar mahaifina da ta rage, ta haura tamanin, hankalinta garau. Shekaranjiya muka je gaishe ta ni da yaron, na ce, "Goggo, mun zo roƙo ne. Muna so ki yi mana irin na Kaka, mu ɗauka a waya." Ta daɗe tana kallonmu, sannan ta tambaya ko yaron yana jin Gyong sosai. Na ce yana ji, mayarwa ce ke ba shi wuya. Ta ce to ya zauna kusa da ita, duk inda ya ɓace ya taɓa mata gwiwa. Shi kuma ya ce zai zana kowace dabba yadda ta siffanta ta, ba yadda ya gani a fim ba, har ya tambaye ta ko Gizo yana sa riga. Ta ce wannan sai ya ji da kunnensa.

Ta ba mu daren Asabar, bayan an ci tuwo. Ta ce kowa ya zo da wuƙarsa, don cittar bana tana tsakar gida ba a gama tsagawa ba, kuma ita ba ta tatsuniya da hannu sake.