TP Mazembe: Hankakan Lubumbashi da Masu Riƙonsa

Wanda ya bi tarihin TP Mazembe tun daga tushe zai ga cewa ƙungiyar ba ta taɓa tsayawa da kuɗin ƙofa ba, kullum akwai mai riƙe da ita. A 1939 limaman Katolika na ɗariƙar Benedikt, masu kula da makarantar Saint-Boniface a Elisabethville, garin da yau ake kira Lubumbashi a kudancin Kwango, suka haɗa wa yaransu 'yan sikawut ƙungiyar ƙwallo da sunan Saint-Georges. A 1944 sunan ya koma Saint-Paul. Da ta bar hannun coci sai ta ɗauki sunan Englebert, wani kamfanin taya da ke ɗaukar nauyinta, kuma bayan ta share kofunan gida a 1966 aka ƙara mata kirarin Tout Puissant, wato mai cikakken iko da Faransanci, wanda shi ne TP ɗin da ke gaban sunanta har yau. Daga coci zuwa kamfani, daga kamfani zuwa attajiri, ƙarfinta a fili yana hawa da sauka ne daidai da ƙarfin wanda ke bayanta. A ganina wannan ba abin kunya ba ne a nahiyar da kuɗin tikiti da na talabijin ba sa ciyar da ƙungiya. Abin dubawa shi ne inda mai riƙon ya zuba dukiyarsa.

Zamaninta na farko ya zo ne lokacin da tagullar lardin Katanga ke da daraja a kasuwar duniya, Lubumbashi kuwa ita ce cibiyar wannan arziki. Shekara huɗu a jere, daga 1967 zuwa 1970, Englebert tana kaiwa wasan ƙarshe na kofin zakarun Afirka. Na 1967 ya zo da ƙura: an yi kunnen doki da Asante Kotoko ta Kumasi sau biyu, 1-1 da 2-2, aka sa wasa na uku, Kotoko ba ta je ba, aka miƙa wa Englebert kofi. Masu cewa a bagas ta samu suna da abin faɗa, sai dai shekarar da ta biyo baya ta rufe musu baki, domin ta zuba wa Etoile Filante ta Togo 5-0 a wasan farko, kuma duk da ta sha 4-1 a Lome kofin ya zauna a hannunta. Ismaily ta Masar ta doke ta a 1969, sannan Kotoko ta rama a wasan ƙarshe na 1970 da ci 2-1 a Kinshasa. Daga wannan gida ne mai tsaron raga Kazadi Mwamba ya fito, da mai tsaron baya Bwanga Tshimen, wanda aka zaɓa gwarzon ɗan ƙwallon Afirka a 1973, dukansu kuma suna cikin tawagar Zayar, sunan Kwango a lokacin, da ta je gasar kofin duniya a 1974.

Sai fari ya sauka. A zamanin da Shugaba Mobutu ya sa aka yar da sunayen Turawa ne ƙungiyar ta zama Mazembe, farashin tagulla ya karye a tsakiyar shekarun 1970, kamfanin haƙar ma'adinai na gwamnati, Gécamines, ya yi ta lalacewa har ya durƙushe a shekarun 1990. In ban da kofin zakarun kofuna na Afirka da ta ci a kan Africa Sports ta Abijan a 1980, Mazembe ba ta sake ɗaga wani kofi na nahiya ba sai 2009. Shekara 41 ke nan tsakanin babban kofinta na biyu da na uku. Yaran Katanga ba su daina iya taka leda ba a tsawon wannan lokaci. Abin da ya ƙare shi ne kuɗin da zai riƙe su a gida.

Moise Katumbi, attajirin da ya yi dukiya a cinikin kifi da sufuri da ma'adinai, ya karɓi shugabancin ƙungiyar a 1997, ya kuma zama gwamnan Katanga daga 2007 zuwa 2015. Kofin 2009 sananne ne a Najeriya, domin Heartland ta Owerri, wadda ta fitar da Kano Pillars a wasan kusa da na ƙarshe, ita ce ta kara da Mazembe. Heartland ta ci 2-1 a gida, Mazembe ta ci 1-0 a Lubumbashi, ƙwallon da ta ci a waje ta ba ta kofi. A 2010 babu batun lissafi: 5-0 ta yi wa Esperance ta Tunisiya, aka tashi 1-1 a wasa na biyu. A Disambar shekarar, a gasar ƙungiyoyin duniya a Abu Dabi, ƙarƙashin koci Lamine N'Diaye ɗan Senegal, ta fitar da Pachuca ta Meziko da ci 1-0, sannan 'yan wasanta Kabangu da Kaluyituka suka ci Internacional ta Brazil 2-0, gola Robert Kidiaba yana ta tsallen nan nasa na murna a zaune. Ita ce ƙungiya ta farko daga wajen Turai da Kudancin Amurka da ta kai wasan ƙarshe na gasar ƙungiyoyin duniya, inda Inter Milan ta ci ta 3-0.

Za a ce ai wannan wasan mai kuɗi ne kawai, duk wanda ya zuba miliyoyi zai sayi kofi. Akwai gaskiya a ciki, amma attajirai da gwamnoni nawa ne a Afirka suka zuba kuɗi a ƙwallo ba a ga ko ƙura ba? Bambancin Katumbi shi ne ya kashe kuɗin a kan abin da ke hana ƙungiyoyin kudu da Sahara tasiri. Ya biya albashin da zai sa ɗan wasa ya yi tunani sau biyu kafin ya ruga wata ƙaramar ƙungiya a Turai, shi ya sa Tresor Mputu ya yi mafi yawan shekarunsa a gida. Ya sama wa ƙungiyar jirgin sama nata, a nahiyar da tafiya wasan waje kan cinye kwana biyu ko uku a filayen jirgi. A 2012 ya buɗe mata filin wasa na kanta a unguwar Kamalondo, mai cin mutum wajen 18,000, alhali galibin manyan ƙungiyoyin nahiyar haya suke yi a filayen gwamnati. Ya kuma juya akalar cinikin 'yan wasa zuwa Lubumbashi. Laƙabin ƙungiyar Hankaki ne, ko da yake kada ce a tambarinta, kuma rigarta baƙi da fari ce kamar tsuntsun. Bahaushe kuwa ya ce hankaka mai da ɗan wani naka. Rainford Kalaba da Stoppila Sunzu, waɗanda suka ci wa Zambiya kofin Afirka a 2012, 'yan Mazembe ne, haka ma Mbwana Samatta na Tanzaniya, wanda ya jagoranci cin USM Alger gida da waje a wasan ƙarshe na 2015 kafin ya wuce Genk ta Beljiyam.

Za a kuma ce abin da ya faru a Abu Dabi sa'a ce. In ana nufin matsayinta a duniya, zargin yana da ƙafa, domin a wannan gasar a 2009 Pohang ta Koriya ta Kudu da Auckland City duk sun doke ta, a 2015 kuma Sanfrecce Hiroshima ta ci ta 3-0. Amma a cikin Afirka sa'a ba ta kawo kofin zakaru uku cikin shekara bakwai, da na Confederation biyu a jere, kan MO Bejaia a 2016 da SuperSport United a 2017. Ba kuma tarihi ne marar tabo ba: a 2011 hukumar CAF ta kore ta daga gasar tana riƙe da kambu, saboda ta sa ɗan wasan da bai cancanta ba a karawarta da Simba ta Tanzaniya.

Zargin da ya fi nauyi shi ne cewa gidan da ke tsaye kan mutum ɗaya yana girgiza duk ranar da mutumin ya girgiza, kuma shekaru 41 na farin can shaida ne. Katumbi ya ɓata da Shugaba Joseph Kabila, ya yi gudun hijira daga 2016 zuwa 2019. Cewa an ci kofuna biyu na Confederation ba ya ƙasar yana nuna ginin ya fi wanda aka yi a zamanin Englebert ƙwari, tunda fili da makarantar horar da yara ba sa bin mai gida gudun hijira. Duk da haka, tun 2017 ƙungiyar maza ba ta sake cin kofin nahiya ba, kuma daga 2017 zuwa 2025 kofin zakaru bai bar arewacin Afirka ba, inda irin su Al Ahly ke da mambobi da kuɗin shiga da ba su rataya a wuyan mutum ɗaya ba. Al Ahly ɗin ce ta fitar da Mazembe a wasan kusa da na ƙarshe a 2024, da ci 3-0 a Alƙahira. Kofin nahiya da ya shiga Lubumbashi a wannan shekarar ƙungiyar mata ce ta kawo shi, bayan ta ci AS FAR 1-0 a Maroko a watan Nuwamba.