Ma'aunin Ingancin Majiya da Saɓanin Editoci a Wikipedia: Nazarin Wasu Takaddama Uku

Tsakure

Maƙalar ta dubi yadda editocin Wikipedia ke warware saɓani a kan majiyoyin da ake kafa hujja da su. An yi nazarin takaddama uku da aka yi tsakanin 2009 da 2019, ta hanyar bin bahasin editocin da abin da waɗanda hukuncin ya shafa suka rubuta daga baya. Binciken ya nuna cewa ƙa'idar kawo majiya ba ta kashe gardama, tana dai sauya mata fage ne: daga "mene ne gaskiya" zuwa "wa za a yarda da shi".

Gabatarwa

Tun da Jimmy Wales da Larry Sanger suka buɗe Wikipedia ranar 15 ga Janairun 2001, matsala ɗaya ke bin ta. Kowa na iya rubutu, kuma ba a tambayar kowa takardar shaidarsa. Farfesa da ɗan sakandare hakkinsu ɗaya a gaban shafi. Don haka aka ɗora nauyin hujja a kan abin da aka wallafa, aka ɗauke shi daga kan mai rubutun. Manyan ƙa'idoji uku ne suka tsare wannan: rashin ɗaukar ɓangare, yiwuwar tabbatar da kowane zance daga majiya, da haramcin shigar da binciken da mutum ya yi da kansa. Idan gardama ta yi zafi, ba a yarda edita ya soke gyaran wani fiye da sau uku a shafi ɗaya cikin awa 24 ba. Sai a koma shafin tattaunawa.

Mai karatun Hausa ba baƙo ba ne ga wannan tunani, domin malaman hadisi sun daɗe suna auna mai ruwaya kafin su karɓi ruwayarsa. Bambancin shi ne a nan masu aunawar 'yan sa-kai ne, akasarinsu ma ba a san sunayensu na gaskiya ba.

Masani da takardun kotu

Timothy Messer-Kruse malamin tarihi ne a Jami'ar Bowling Green ta Amurka, ya kuma shafe shekaru yana nazarin shari'ar Haymarket, wadda ta biyo bayan tashin bam a wani gangamin ma'aikata a Chicago a 1886. Shafin Wikipedia ya maimaita abin da littattafai da yawa suka faɗa, wato masu gabatar da ƙara ba su kawo wata shaidar da ta alaƙanta waɗanda ake tuhuma da bam ɗin ba. Shi kuwa ya karanta rubutaccen zaman kotun, ya ga an yi makonni shida ana sauraren shaidu. A 2009 ya gyara jimlar, ya kafa hujja da takardun kotun. Cikin mintoci aka mayar da ita yadda take.

Dalilin editocin shi ne takardun kotu majiya ce ta asali, fassara ta kuma aikin mai bincike ne, ba na edita ba. Da ya dawo bayan littafinsa ya fito a 2011, sai aka ce masa ra'ayinsa na tsiraru ne, ba za a ba shi nauyin da ya wuce matsayinsa a tsakanin masana ba. Sai da ya kai kukansa mujallar Chronicle of Higher Education a Fabrairun 2012 sannan aka sake duba shafin.

A ganina editocin ba su yi wauta ba. Ba su da hanyar bambance shi da duk wani mai ikirarin ya tono abin da masana suka ɓoye, kuma irin waɗannan ba su da iyaka. Amma farashin da aka biya a bayyane yake: kuskuren da aka buga a littattafai da yawa ya rinjayi daidai ɗin da ke cikin littafi ɗaya, har na tsawon shekaru.

Hukuncin Daily Mail

Takaddama ta biyu ba a kan jimla ɗaya aka yi ta ba, a kan jarida sukutum. A Fabrairun 2017 editocin Wikipedia ta Ingilishi suka rufe wata doguwar muhawara da hukuncin cewa Daily Mail ta Birtaniya, wadda ake bugawa tun 1896, ba abin dogaro ba ce, saboda ta yi suna wajen sakaci da tantance labari, da zuzutawa, da ƙirƙirar abin da bai faru ba. Aka kuma sa na'ura ta riƙa gargaɗin duk wanda ya yi ƙoƙarin saka adireshinta a matsayin majiya.

Masu adawa da hukuncin ba su ce jaridar tsarkakakkiya ba ce. Cewa suka yi a riƙa duba kowane labari da kansa, kuma me ya sa za a ware ta alhali ana karɓar kafofin da gwamnatoci ke juyawa, irin RT ta Rasha? Jaridar ma ta yi ƙorafin cewa editocin da ba su kai ɗari ba ne suka yanke mata hukunci. Ƙorafin gaskiya ne ta fuskar lissafi, sai dai tsarin bai taɓa cewa ƙuri'a yake ƙirgawa ba. Ƙarfin hujja ake aunawa. An sake buɗe batun, aka tabbatar da hukuncin a 2019. Tambayar masu adawa kuwa ta haifar da abin da ba su nema ba, domin maimakon a wanke Daily Mail sai aka faɗaɗa tarun: Breitbart ta faɗa a 2018, RT a 2020. Yanzu akwai dogon jadawalin kafofi, kore ga amintattu, ja ga waɗanda ba a yarda da su ba.

Ilimin da ba a rubuta ba

A 2011 Achal Prabhala ya jagoranci wani gwaji a Indiya da Afirka ta Kudu: a naɗi muryar mutanen da suka san abu, a ajiye sautin inda kowa zai iya saurare, a kafa hujja da shi. Da haka aka rubuta maƙalu a harsunan Hindi da Malayalam da Sepedi a kan wasannin yara da abin sha na gargajiya. Wikipedia ta Ingilishi ba ta mai da wannan ƙa'ida ba, bisa hujjar cewa babu edita ko mawallafin da ya tace maganar.

Nan ne batun ya taɓa Wikipedia ta Hausa kai tsaye, tunda kowane harshe yana da 'yancin tsara wasu dokokinsa. Editan da ke son rubutu a kan salsalar wata sarauta, ko dokokin dambe, ko yadda ake haɗa baba a marina, zai tarar da masu sanin suna raye, amma littafin babu. Idan ya rubuta abin da ya ji daga bakinsu, wani zai liƙa masa alamar ana buƙatar hujja. Idan ya nemi bugagge, sau da yawa zai ƙare ne a hannun jami'in mulkin mallaka, kamar fassarar Tarihin Kano da H. R. Palmer ya fitar a 1908, wadda ita kanta tushenta ruwayoyin baka ne da aka rubuta daga baya.

Ban ga hikimar kwafo jadawalin Ingilishi yadda yake ba, ban kuma goyi bayan a buɗe ƙofa ga "na ji an ce" ba, musamman a kan rayayyun mutane da rigingimun sarauta, inda kowane gida ke da nasa labarin. Akwai majiyoyi a tsakani da ba a ci moriyarsu ba: kundayen digiri da ke jibge a jami'o'in Kano da Zariya da Sakkwato da Yamai, tsofaffin fitowar Gaskiya Ta Fi Kwabo tun daga 1939, takardun Gidan Arewa a Kaduna, da hirarrakin da gidajen rediyo suka naɗa suka adana. Duk waɗannan suna da suna da kwanan wata da wurin da za a je a duba, kuma yawancinsu sun bi ta hannun mai dubawa kafin su fito. Abin da ya rage wa editocin Hausa shi ne su zauna su rubuta, a shafin ƙa'idojinsu, matsayin kowanne da irin zancen da zai iya ɗauka.