Daga Majigi zuwa Taswirar Masu Riga-kafi: Yadda Hoto Ya Zama Hanyar Bincike

A 1929 layin dogo da ya taso daga Zariya ya ratsa Funtuwa da Gusau ya tuƙe a Ƙauran Namoda. Don gyaɗa da auduga aka shimfiɗa shi, kuma gwamnatin da ke son gyaɗa da auduga dole ta so manomi ya ji maganarta: wane iri zai shuka, yaushe zai tuge karan auduga ya ƙone, ya zai yi da ruwan da ke kwanciya a bayan gida. Boko kuwa bai kai ko'ina ba a lardin Sakkwato na lokacin, wanda Ƙaura da Shinkafi da Zurmi ke cikinsa. Sai aka jingina da hoto, a kan cewa gani ya kori ji.

Wanda ya fi kowa suna a wannan aiki shi ne William Sellers, wani jami'in tsabta da ya fara nuna finafinan kiwon lafiya a Legas tun ƙarshen shekarun 1920, daga baya aka ba shi shugabancin sashen finafinan ƙasashen mulkin mallaka da Ingila ta kafa a 1939. Daga irin aikinsa majigi ya samo asali. Dattawa na iya kawo maka siffar abin: mota ta iso da la'asar, a kafa farin ƙyalle a ƙofar fada, bayan isha a tayar da inji, tafinta ya kama lasifika yana fassara. Ta wannan hanya finafinai irin Baban Larai, mai koyar da noman zamani, suka zaga Arewa.

Akwai labarin da ya fito daga wannan zamani ya zaga duniya, har masanin sadarwa Marshall McLuhan ya kawo shi a littafinsa na 1962. An nuna wa mutanen wani ƙauye fim a kan zubar da ruwan da sauro ke haihuwa a ciki, aka tambaye su me suka gani, suka ce kaza. Masu fim ba su san da wata kaza ba, sai da suka sake duba fim ɗin a tsanake suka gan ta ta gilma a wani lungu. Hukuncin da aka yanke shi ne baƙin mutum bai iya kallon hoto ba, don haka a riƙa yi masa fim a hankali, ba dabarar kyamara, ba saurin sauya wuri. A ganina an yi bincike na gaske a daren nan, sai dai an karanta sakamakon a kife. An sa mutum yana tafiyar hawainiya yana zubar da ruwa daga gwangwani, abin da ba mai hankalin da ke yinsa haka, sannan ga abu ɗaya mai rai ya wuce da gudu. Masu kallo sun faɗi gaskiyar fim ɗin, masu shi ne ba su so ji ba.

Sai a farkon shekarun 1950 aka tura wani masanin halayyar al'umma, Peter Morton-Williams, ya bi motar majigi ƙauyukan Yarabawa da Hausawa da Ibo da Birom, yana sauraron abin da 'yan kallo ke cewa. Ya tarar mutane na gane fim sarai. Inda saƙo ya faɗi, labarin ne bai dace da rayuwarsu ba. Daga nan tambaya ta fara juyawa daga kan mai kallo zuwa kan hoton kansa.

Ɗaya reshen tarihin a Zariya yake. A 1955 aka dawo da sashen koyar da zane daga Ibadan zuwa kwalejin da ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. A 1958 wasu ɗalibai, cikinsu da Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo, suka kafa ƙungiya suka ce ba su yarda a koya musu zanen Turai tsagwaronsa ba. Okeke ya duƙufa kan zanen jiki da na bango na matan Ibo, yana kwafa yana maimaitawa har hannunsa ya gane ƙa'idar da ba wanda ya taɓa rubutawa. Bayansu David Heathcote, malami a jami'ar, ya bi masu ɗinkin hannu na ƙasar Hausa, aikin da ya kai ga baje kolin fasahar Hausawa a Landan a 1976. Duk wanda ya zauna kusa da mai zanen babbar riga ya san abin da ya ja hankalinsa. Kafin allura ta taɓa yadi, mai zane ya riga ya bi shi da alƙalami da tawada, ya fitar da aska takwas da tambari, yana auna tazara da yatsa. Ka tambaye shi dalilin da ya karkatar da bakin aska haka, da wuya ya ba ka amsa da baki. Ka miƙa masa takarda, ya zana maka iri uku ka ga bambancin da kanka. Turawa ba su ba wannan hanya ta neman sani da yin zane cikakken matsayi a jami'o'insu ba sai wajen 1993, da masani Christopher Frayling ya bambanta bincike a kan zane da bincike ta hanyar yin zanen.

A arewacin Zamfara, inda aiki da hoto ya fi taɓa rayuwar mutane shi ne riga-kafin shan inna. Zamfara na cikin jihohin da suka dakatar da shi a 2003, kuma ko bayan an dawo, akwai matsalar da ba ta shafi yarda ko ƙi ba: ma'aikata ba sa kaiwa wasu wurare don babu su a takarda. Taswirar mazaɓa da hannu ake zana ta, wani ya sa masallaci da kasuwa da rijiya da gidan mai gari, rugar da bai sani ba kuwa ta faɗi. Daga 2012 aka fara haɗa taswira daga hoton tauraron ɗan'adam, ana ba ayarin masu riga-kafi waya mai nuna inda suka taka. Aka yi ta gano unguwanni da rugage da aka daɗe ana tsallakewa. Amma hoton sama rufin ɗaki kawai yake nunawa, bai san sunan gari ba, bai san wa ke ciki ba, sai an koma wurin masu unguwanni sun ɗora yatsa sun faɗa. Su kansu alamomin alli da ma'aikata ke bari a bangon gida, da tawadar da ake shafa wa yaro a ɗan ƙaramin yatsa, bayanai ne da mai bin sawu ke karantawa washegari. A watan Agustan 2020 aka ayyana Afirka ta rabu da ƙwayar shan inna ta asali.

Yau a Zurmi da Shinkafi rashin tsaro ya tashi ƙauyuka da dama, wasu sun watse, wasu mutanensu na kwana a gari su koma gona da rana. Taswirar bara ba lalle ta yi aiki bana ba. Wanda ya san inda mutanen wani ƙauye suka koma, da hanyar da ake bi da wadda aka daina bi, shi ne ɗan acaɓa da mai kai kaya kasuwar Shinkafi ranar Alhamis, kuma kowannensu na iya zana maka ita da tsinke a ƙasa kafin ka buɗe kwamfuta.