Jirgin shawagi

jirgin shawagi (suna, namiji, jam'i: jiragen shawagi). Ƙaramin jirgin sama marar inji, wanda ake sarrafawa daga ƙasa da na'urar rediyo. Masu sha'awarsa suna ƙera shi da katakon balsa mai sauƙin nauyi, ko kumfar roba, ko zaren kabon. Ƙananan na'urorin lantarki a cikinsa ke motsa wutsiya da gefen fukafukai.

Ana jefa shi da hannu ko a ja shi da igiya. Daga nan sai neman iska mai ɗumi da ke tasowa daga ƙasar da rana ta gasa, irin wadda shirwa ke hawa ba tare da ta kaɗa fiffike ba. A nan gwaninta take, domin iskar ba a ganinta, sai dai a lura da yadda fiffiken jirgin ya ɗaga.

Idan ya faɗi ya karye, ana liƙe shi da gam, sannan dole a sake daidaita nauyinsa, galibi da ɗan darma a hanci. A ajin gasa na F3K, faɗin fukafukai ba ya wuce mita 1.5.

Misali: *Iska ta kwanta, jirgin shawaginsa ya sauko.*