Sarki Mai In'ina da Sarakunanmu Marasa Aibi

'Yan uwa marubuta, a 1937 aka buɗe silimar Rex a Sabon Gari, shekarar bikin naɗin Sarkin Ingila George na Shida, lokacin Kano na hannun Turawa. Sarkin nan yana da in'ina. A kanta aka gina fim ɗin The King's Speech na 2010: yadda Lionel Logue ya yi ta horar da shi har ya iya jawabin shiga yaƙi a rediyo a 1939.

Mu kuwa, jikokin 'yan kallon Plaza ta Fagge, in mun zo kan sarki sai kirari. Wa zai rubuta mana zullumin Sarki Alu a 1903, da labarin faɗuwar Kano ya riske shi yana dawowa daga Sakkwato? Mu gwada a makon nan.