Shayar da sabon jariri: wa za ki nema, kuma yaushe?

Shayarwa aba ce da ake koyo. Ke kina koyo, jaririnki ma yana koyo, kuma kwanakin da ke tsakanin haihuwa da suna su ne suka fi wuya. A cikinsu ne kan nono yake tsagewa, mama ya cika ya yi tauri, yaro ya kwana yana kuka, masu zuwa barka kuma kowace ta zo da tata shawara. Mata da yawa a wannan makon suke fara ba yaro ruwa ko madara, alhali nonon yana nan. Abin da suka rasa shi ne mai sani da za ta zauna ta kalli yadda yaron yake kama mama.

Hukumar Lafiya ta Duniya (OMS) da UNICEF sun tsaya a kan abu uku: a sa jariri a mama cikin awa ta farko bayan haihuwa, a ba shi nono zalla har wata 6 ba tare da ko ruwa ba, sannan a ci gaba da shayarwa tare da abinci har shekara 2 ko fiye.

Ki fara tambaya tun kina da ciki

Wurin awon ciki ne ƙofar farko. A shekarar 2006 gwamnatin Nijar ta ɗauke kuɗin awon ciki da na duba yara ƴan ƙasa da shekara 5 a gidajen likita na gwamnati. Idan kin je awo a CSI, kada ki tsaya ga karɓar magani da rubutu a karne. Ki tambayi ungozomar likita yadda ake riƙe jariri, da abin da za ki yi idan aka yi maki aiki. Idan kan nononki a shafe yake ko ya shige ciki, ki nuna mata tun yanzu. Da wuya hakan ya hana shayarwa, domin yaro mama yake kamawa, ba kan nono kaɗai ba.

In da hali, ki tafi awo ɗaya tare da wadda za ta zauna maki jego, mahaifiyarki ce ko uwar mijinki. Ita ce za ta karɓi yaron da dare sa'ad da barci ya ɗauke ki, kuma abin da ta ji da kunnenta daga bakin ma'aikaciya ya fi wanda za ki kawo mata labari.

Ranar haihuwa

Ki roƙi a goge yaron a ɗora maki shi a ƙirji, fata da fata, a lulluɓe ku tare. Wanka zai iya jira har kwana guda. Ruwan farko mai kauri, rawaya-rawaya, wato dakashi, kada ki yarda a tatse shi a zubar. Shi ne rigakafin farko na yaro, shi ne kuma yake taimaka masa ya fitar da baƙin kashin nan na farko. Kaɗan ne, gaskiya, amma cikin jariri a ranar farko bai ɗaukar abin da ya wuce ƙaramin cokali ɗaya ko makamancin haka a sha guda. Nono mai yawa yakan zo a kwana na 3 ko na 4, kuma tsotso ne yake kiransa. Tsotson nan har ila yau yana sa mahaifa ta tsuke, jini ya ragu.

Kafin a sallame ki, ki ce da ungozomar: "Madam, don Allah ki tsaya ki ga yadda yake kamawa." Wannan roƙo aikinta ne, ba alfarma ba ce. Abin da za ta duba, ke ma ki riƙe shi: cikin yaro ya manne da naki, kansa da jikinsa su miƙe, bakinsa ya buɗe sosai, leɓensa na ƙasa ya juyo waje, haɓarsa ta taɓa mama, baƙin da ke kewaye da kan nono kuma ya fi fitowa ta saman bakinsa. Idan kamun ya yi kyau za ki ji yana haɗiya a natse. Zafin da ya ƙi wucewa har ƙarshen shayarwa alama ce ta cewa kan nono kawai ya cafke. Ki sa ƙaramin yatsanki mai tsabta a gefen bakinsa ya saki, ku sake.

Idan a gida kika haihu, ki kai kanki da yaron likita cikin kwana guda. Ana so a sake duba ku a kwana na 3, da tsakanin kwana 7 zuwa 14, da kuma mako na 6, wato wajen arba'in. Al'adar zaman ɗaka kada ta hana wannan fita.

Masu taimako na kusa

A ƙauyen da babu CSI akwai ɗakin shan magani da ma'aikacinsa, akwai kuma ƴan sa-kai na gari da ake kira rele, masu bi gida-gida. A garuruwa da dama mata masu ciki da masu goyo suna da ƙungiya, su taru su tattauna ciyar da yara. Ki tambayi rele ranar zamansu. Matar da ta shayar da ƴaƴa biyar lafiya, ta kuma sami horo, ta fi kowa sanin yadda za ta kwantar maki da hankali. Matsalar da ta fi ƙarfin CSI ana tura ta asibitin gunduma, ko cibiyar uwa da yaro ta Maraɗi, Damagaram ko Tawa. A Yamai kuwa akwai gidan haihuwa na Issaka Gazobi. Can ake kai bakwaini da yaron da bai kai kilo 2 da rabi ba idan ya kasa tsotsa, a koya maki goyon ƙirji da ba shi tatsattsen nono da ƙaramin kofi.

Abin da za ki ji a cikin gida

A nan ne aka fi shan wuya, domin masu ba ki shawara masoyanki ne. Za a ce zafin bazara ya yi yawa, hana jariri ruwa zalunci ne. Amsa ita ce, sama da kashi 80 cikin 100 na nono ruwa ne, kuma mai tsabta. Ruwan randa yana cika ɗan cikin yaro ya rage tsotso, yana kuma iya kawo masa zawo. Idan zafi ya tsananta ke ce za ki ƙara shan ruwa, shi kuma ki ƙara ba shi mama. Haka zancen bauri da jiƙe-jiƙe da madarar akuya yake. Zuma kuwa tana da haɗari ga yaron da bai shekara ba. Idan an kawo rubutu, ki roƙi a bari ke ki sha.

Za a kuma iya cewa nononki ba shi da kyau, har a tatsa a jefa tururuwa a gani ko za ta mutu. Wannan gwaji bai nuna komai, kuma ya raba yara da yawa da abincinsu. Nonon da ya yi tsinkaku-tsinkaku a farkon shayarwa haka aka halicce shi. Mai maiƙon yana biyowa baya, shi ya sa ake barin yaro ya gama da mama ɗaya kafin a juya shi.

Sai kunyar ɗan fari. Kunya ado ce, amma yarinyar da take jira sai ɗaki ya watse kafin ta ɗauki ɗanta za ta wayi gari mama ya kumbura, yaro ya galabaita. Ki gaya wa wata yaya ko gwaggo da kike sakewa da ita ta riƙa sallamar baƙi a madadinki. Maigida ma yana da rabonsa: cefane, rage maki ɗaukar ruwa da daka, da yi wa mahaifiyarsa magana cikin ladabi inda ke ba za ki iya ba.

Yana ƙoshi kuwa?

Kuka kaɗai ba ma'auni ba ne. Jariri yana sha sau 8 zuwa 12 a dare da rana. Daga kwana na 5 ki lura: yana fitsari fari sau 6 ko fiye, kashinsa ya koma rawaya? To yana samu. Yakan ɗan rage nauyi a kwanakin farko, ya maido shi wajen mako 2, kuma sikelin awo ne zai tabbatar.

Amma kada ki jira gari ya waye idan yaro ya ƙi kama mama sam, ko jikinsa ya yi zafi ko sanyi ƙalau, ko yana numfashi da sauri, ko jijjiga, ko ya saki jiki bai motsi, ko tafin hannunsa da na ƙafarsa sun yi rawaya. Ke ma idan gefen mama ya yi ja, yana zogi, ga zazzaɓi, ki je likita, kuma kada ki daina shayarwa da wannan ɓangaren. Barin nono ya taru ne yake kai shi ga yin ƙurji. Mai ɗauke da ƙwayar cutar sida tana shayarwa ita ma, nono zalla har wata 6, muddin tana shan maganinta kullum kuma likita yana bin ta.

Idan za ki koma aiki

Dokar ƙwadago ta Nijar ta ba ma'aikaciya hutun haihuwa na mako 14, da awa ɗaya a kowace ranar aiki domin shayarwa har yaro ya shekara. Mai zuwa gona ko kasuwa, in ba za ta tafi da goyo ba, ta wanke hannu ta tatsa a kofi mai murfi, a ajiye a wuri mai sanyi, a ba yaro cikin awa 4. Kwalba mai kan roba tana da wuyar wankewa, gara kofi.

Madarar gwangwani kuma kada ki fara ta a kan maganar mai kanti ko talla. Tun 1981 OMS ta kafa ƙa'idar hana tallata ta ga iyaye. Idan uwa ta rasu ko ciwo ya kwantar da ita, a fara kai jaririn CSI, a yanke shawara tare da ma'aikata. In wata ƴar'uwa ce za ta shayar da shi, a yi mata gwajin jini tukuna, a kuma sanar da dangi, saboda ƴan'uwantakar nono da za ta shiga tsakaninsa da ƴaƴanta.